Takardar da Na Sa wa Malam a Aljihu

Motarmu fara ce, 'yar ƙarama, kuma ƙofarta ta gaba, ta gefen da nake zama, ba ta buɗuwa sai ta waje. Duk inda muka tsaya sai Malam ya sauka ya zagayo ya buɗe mini. Matan unguwarmu a Bebeji suna leƙowa ta zaure suna cewa, oh, ga wadda miji ke buɗe wa ƙofa. Ban taɓa gaya musu mariƙin ciki ne ya karye ba. A kan me zan gaya musu?

Malam mijina ne. Malamin gona ne, yana zagaya ƙauyukan Bebeji da Kiru yana koya wa mutane tazarar shuka da yadda ake sa takin zamani, mutanen da suke noma tun kafin a yanke masa cibiya. Ƙarshen shekarun tamanin ke nan, lokacin da kaya suka fara tsadar da ba su sake saukowa ba. Ya sayi motar a hannu, ta riga ta sha duniya, amma a idona babu irinta. Ranar Juma'a bayan la'asar yakan ɗauke ni mu tafi bakin ruwan Tiga, ba don komai ba, mu sauke gilashi mu zauna a ciki. Ruwa ya yi ta ƙyalli har ido ya gaji, kwale-kwalen masunta su koma ɗigo-ɗigo can nesa, iska tana kawo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ni da bakina ba ya hutawa, nan kaɗai nake yin shiru. Wani lokaci in ji kamar motar ce ke tafiya a kan ruwan a hankali, mu kuma muna zaune ba mu damu da inda za ta kai mu ba.

A makon da ya kawo ta ya ce mini, “Gobe zan shiga Kano in yi mata inshora.” Ni kuwa na ji kamar insha Allahu ya faɗa ya haɗiye rabi. Na ce, “Insha Allahu me?” Ya yi dariya har ya ƙware. Da ya dawo daidai ya ce, “Takarda ce. Duk shekara ina biyan wani abu. In tsautsayi ya faɗa, na buge wani ko na yi wa wani ɓarna, su za su tsaya mini.”

“Su tsaya maka?”

“Su tsaya mini.”

To, wannan kalmar na riƙe. Na ce ashe tsari ne irin na 'yan boko. Tsari kuwa a jiki ake sa shi, ban taɓa ganin wanda ya bar layarsa a gida ya ce tana kare shi a kasuwa ba. Sai na ɗinka wa takardar 'yar jaka da ragowar atamfa, na sa leda daga ciki saboda gumi, na ciro ta daga aljihun mota inda ya ajiye. Kullum da safe in miƙa masa hula da biro, in zura masa ita a aljihun ƙirji. Ya ce, “Ke dai da rigima kike.” Amma bai taɓa cirewa ba, har ya zama in na manta shi da kansa yake tambaya.

A damina ta huɗu injin ya buga. Aka ja motar zuwa wurin wani bakanike a Kwanar Dangora, aka ɗora ta a kan duwatsu, ana jiran Malam ya haɗa abin gyara. Ana cikin haka ƙanwata ta haihu a Doguwa, haihuwar fari. Na haɗa kayan barka na fita kunya: garin kunu, yajin jego, galan ɗin man gyaɗa, atamfa, kaji huɗu. Na kuma rantse ba zan shiga motar kasuwa da kaji a cinya ba, ni da dangi suka saba gani ina saukowa daga gaban mota. Malam ya ce, “Haba, kwana biyu ne fa.” Na ce ko rabin yini ne. Ina da taurin kai, ban taɓa musu ba.

Sai ya samu wani mai akori-kura a nan Kwanar Dangora, wanda direbansa ya kwanta zazzaɓi. Suka shirya Malam ya ɗauki hayarta ta kwana biyu, ya tuƙa da kansa. Ina zaune a inuwar rumfa da kayana ina jin su. Mai motar ya miƙa makulli, sai ya ɗan riƙe ya ce, “Malam, gaskiya takarduna sun ƙare tun watan jiya, ban samu na sabunta ba. In wani abu ya faru fa?”

Malam ya dafa ƙirjinsa, daidai inda na zura jakar da safe. Ya ce, “Ina da tawa.”

Mai motar ya gyaɗa kai ya saki makullin. Ni ma na gyaɗa nawa daga inda nake, har da jin daɗi. Manya uku, ɗaya har da tabarau da Turanci a baki, babu wanda ya ce a buɗe takardar nan a karanta.

Mun bar Kwanar Dangora da hantsi, ana gobe suna. An kwana ana ruwa, ya ɗauke amma rana ba ta fito ba. Bayan Tudun Wada masara ta fi mutum tsayi hagu da dama, sannan gonaki suka ƙare muka shiga dajin Falgore. Wanda bai bi hanyar nan da marka ba ban san yadda zan kwatanta masa ba. Gajimare ya sauko ya kwanta a kan itatuwa. Doka da kaɗanya suna fitowa ɗaya bayan ɗaya su wuce su ɓace. Birai sun jeru a gefen kwalta sun rungume 'ya'yansu, ko motsi ba sa yi. Kajin da ke baya ma sun yi tsit. Ƙarar injin ta zama kamar daka daga wani gida mai nisa, idona ya fara lumshewa, ina ji ina gani amma jikina ya tafi wani wuri.

A haka na ga shanun. Farare ne, suna fitowa daga cikin farin nan ba a ganin ƙafafunsu, ƙahonni kawai da tozo suna shawagi a kan hanya. Wallahi na riga Malam ganinsu. Ban yi magana ba, don na ɗauka mafarki nake, har ina cewa a raina kai, wannan abu da kyau yake. Sai na ji ya ce, “Innalillahi!” Birki ya yi ƙara, motar ta zame a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, sai wani tim da na ji shi har cikin haƙorana.

Karsana ce, fara mai baƙaƙen kunnuwa. Tana kwance a gefen hanya tana ƙoƙarin tashi da ƙafafun gaba, na baya sun ƙi. Wani dattijon Bafulatani mai malafa ya fito daga cikin garken, bai ko kalle mu ba, ya durƙusa ya ɗora hannu a wuyanta yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Can sai ga wata yarinyar mace a guje daga wajen ruga, ba za ta wuce shekara ashirin ba. Ta tsaya cak, ta rufe baki da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

Dattijon ya miƙe ya gaishe da Malam, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali da gajiyar hanya. Sannan ya ce naggen ta matar ɗansa ce, ita ce wannan da ke tsaye. Tana 'yar maraƙa mahaifinta ya ba ta ranar da aka kawo ta gidan miji, yanzu kuma karsanar cikin fari gare ta. Ya ce bayanta ya karye, sai dai wuƙa. Ya ce, “Ba komai, Malam. Kwananta ne ya ƙare.”

Duk wanda ya zauna da Fulani ya san irin wannan ba komai ɗin. Malam ya sani. Ya zaro jakar atamfar nan ya ɗaga. Ya ce, “Baffa, ka ga wannan? Takarda ce ta irin wannan ranar. Akwai masu biya. Kafin a yanke dawa zan kawo mata karsana a madadin tata. Na yi maka alkawari.”

Dattijon ya dubi jakar, ya dubi Malam, ya ce, “To.” Bai tambayi sunansa ba, bai tambayi garinmu ba. Aka yanka ta a nan gefen hanya. Da ya ji suna za mu, sai ya sa aka cire cinya guda aka naɗe a ganye aka sa mana a bayan mota, ya ce a kai wa mai jego. Malam ya yi ta roƙo a bari, ya ƙi saurara. Haka muka shiga Doguwa da fasasshiyar fitila da cinyar saniyar mutane. Aka yi farfesu, kowa na santi yana sa mana albarka. Ni ko romon ban iya kai wa bakina ba.

Da muka dawo na nace sai na bi shi Kano. Ofishin a bene yake, fanka na juyawa a sama tana kaɗa takardu. Wani saurayin ma'aikaci mai ladabi ya saurari Malam har ƙarshe, ya karɓi takardar, ya ɗan yi murmushi da ya ga jakar. Ya shimfiɗa ta a tebur ya ɗora yatsa a wani layi.

“Ranka ya daɗe, wannan lambar wace mota ce?”

“Tawa.”

“Ita ce ta buge saniyar?”

Malam ya ce, “A'a. Tawa tana wurin gyara. Ta haya ce na ɗauka.”

Saurayin ya ce, “To ai takardar nan motar take bi, ba mutum ba. Irin wadda kuka yanka iyakarta motar da aka rubuta lambarta a nan. Akwai wata babba da wani lokaci takan bi mutum zuwa motar da ba tasa ba, amma ko ita, da an ce haya sai an duba sharaɗi tukuna. Wadda ta kamata ta tsaya muku ita ce ta mai akori-kurar.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, “Kai yaro, tsaya! Wa yake biyanku duk shekara, shi ko motar? Mota aljihu gare ta? Motar da ke kan duwatsu ko taya babu, wa za ta buge da kuke tsaronta?”

Ya danne dariyarsa, Allah ya yi masa albarka. Ya ce, “Hajiya, da taku ce ta yi ɓarnar, da yanzu mun fara cike takardu. Wallahi ba ƙin ku muka yi ba.”

Malam ya ce mini, “Zauna.” Ya gyara tabarau ya jawo takardar, ya karanta ƙananan rubutun nan na ƙasa tun daga farko, leɓɓansa na motsi. Shekara huɗu tana kan ƙirjinsa, ranar ya fara karanta ta. Da ya gama ya ninke, ya yi wa saurayin godiya, muka sauko.

Abin da ya biyo baya ba na jin daɗin faɗarsa, amma haka aka yi. Albashin Malam ba zai sayi karsana kafin kaka ba, ga gaban akori-kurar mutane da za a gyara. Abu ɗaya muke da shi da zai iya, yana can kan duwatsu a Kwanar Dangora. Na gane inda hankalinsa ya nufa tun kafin ya furta, sai na riga shi. Na ce, “Malam, mutumin nan bai san sunanka ba. Bai san garinmu ba. Da bakinsa ya ce ba komai, har nama ya ba mu. Kuma ai da takarda ka yi alkawari, takarda ta ƙi, laifin wa?”

Ya ce, “Ba takardar ya kalla ya ce to ba. Ni ya kalla.”

Na ce, “Shanunsa sun fi hamsin!”

Ya ce, “Nata guda ɗaya ce.”

Kai, na yi fushi. Kwana uku ina ajiye masa tuwo ba sannu ba ci lafiya, har da gangan nake barin gudaji a ciki. Ya cinye abinsa ya ce an gode. Abokansa ma sun ba shi irin shawarata, wani har ya ce ai shanun ne suka hau titin gwamnati. Gaskiyar magana, ni ba hujja ce ta dame ni ba. Kujerar gaba nake so, da bakin ruwan Tiga, da idon matan unguwa. Na fi son su a kan saniyar wata yarinya da ban san ko sunanta ba, kuma na san hakan a lokacin, shi ya sa fushin ya yi yawa. Ga shi ko da rana tsaka ina tankaɗe, in na ɗan lumshe ido sai in ga ƙahonnin nan suna shawagi, da ita tsaye hannu biyu a baki.

Rana ta huɗu na kai masa tuwo mai laushi na ce, “In za ka sayar, ka tafi da ni in gan ta.”

Da muka je, ciyawa ta fito a ƙarƙashin motar har ta kai ƙofa. Ƙadangare na shanya a kan rufin. Bakaniken da kansa ya saya, a yadda take. Suna can suna magana na leƙa ta gilashi, na ga wani ɗan kunnena da ya ɓata tun bara yana maƙale a gefen kujera. Ban ce a buɗe mini in ɗauka ba, na bar shi a nan.

Sai da Malam ya ci kasuwar Tudun Wada sau uku kafin ya samu wadda ta kwanta masa, fara mai baƙaƙen kunnuwa, mai ciki. Dillalai suka yi ta yi masa tsiya, wai malamin gona ya zo zaɓen amarya. Dawa ta fara sunkuyar da kai ranar da muka sa ta a wata babbar motar 'yan kasuwa, aka sauke mu daidai wurin. Babu wata alama a kan kwaltar, amma dukanmu mun gane shi. Muka kama 'yar hanyar ruga, shi a gaba da igiya, ni a baya. Sararin ya washe, malam-buɗe-littafi farare suna tashi daga ciyawa duk inda karsanar ta taka.

Da muka hango bukkoki ya tsaya ya juyo. Ya ce, “Ki saurare ni. In tsohon nan ya ji mota na sayar, wallahi ba zai karɓa ba. Zai ce mun mayar da shi wanda ya raba mutum da abin hawansa. Ki riƙe bakinki.”

Na ce, “Ni ce mai surutu ke nan?”

Ya ce, “Ke ce.”

Dattijon yana zaune a gindin wata kaɗanya yana tufkar igiya. Ya ɗaga kai ya gan mu, ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya miƙe ya yi gaisuwar nan tasa mai tsawo, sai da ya gama ta kaf kafin ya yarda idonsa ya sauka a kan karsanar. Ya ce wani abu da ƙarfi da Fulatanci, yarinyar ta fito daga bukka. Ta zagaya ta sau biyu, ta shafa kunnuwan, ta ɗora tafin hannu a kan cikinta ta bar shi a nan. A ranar ne ta yi kukan.

Mata suka ja ni ciki, aka dama mini fura da kindirmo. Ita ta zauna dab da ni, gwiwarta na taɓa tawa. Hausarta a karye take amma ana ganewa. Ta ce, “Adda, da gaske takardar nan ce ta biya?”

Wayyo, maganar ta zo mini har kan harshe. Ina so ta sani. Ina so wani mahaluƙi guda a duniya ya san abin da aka fitar daga gidana aka kawo nan, ya ce mini sannu. Na cika baki da fura na haɗiye da ƙyar. Na ce, “An dai biya, ƙanwata. Allah ya sa ta haifa miki garke.”

Ta ce, “Amin. To ki roƙar mini mijinki ya samo mana irinta, mu rataya wa wannan a wuya.”

Na ce zan gaya masa.

Suka rako mu har bakin hanya da ƙwaryar man shanu, suka koma. Muka tsaya muna ɗaga wa motoci hannu, Malam bai ma iya ba, yana ɗagawa kamar mai gaisuwa. Sai wajen la'asar wata ta tsaya, babu wuri sai a baya kan buhunan masara. Na riga shi hawa, na miƙo masa hannu na jawo shi. Bai sake mallakar mota ba har Allah ya karɓi abinsa.

Da muka zauna ya dube ni ya ce, “Kin faɗa?”

Na ce, “Ban faɗa ba.”

“Ko kaɗan?”

“Ko kaɗan.”

Sai da motar ta tashi na fashe da kuka, irin mai sauti, 'yan kasuwa suna juyowa suna kallo. Bai ce in yi shiru ba. Ya ƙyale ni na yi abina har Tudun Wada, yana riƙe da gefen mayafina kada iska ta ɗauke.